Furar gida biyu a rumfar zaɓe

Ana idar da azahar, layi bai ragu ba, sai ga wani dattijo ya dire min kwanon fura. Ranar zaɓe ce, ƙungiyarmu ta turo ni daga Jega in sa ido a wata rumfa a Kashin Zama, kuma tun safe ban sa komai a cikina ba.

Da na tambaya, aka ce daga gidan wakilin wata jam'iyya take. Mu kuwa an ja mana kunne kada mu karɓi ko ruwan wani ɓangare.

Na ce, "Baba, a yi haƙuri. In na sha, sai a ce na bi gefe guda."

Ya dube ni, ya juya ya tafi. Can sai ga shi da kwano na biyu, daga gidan wakilin ɗaya jam'iyyar.

"To sha duka biyu, ɗana. Garinga baƙo bai wuni da yunwa, ko wa yac ci zaɓe."

Wakilan biyu suna kallona, na kurɓi nan na kurɓi can, ina lura kada wani kwano ya fi wani raguwa.

Wannan dai ba a koya mana shi a horo ba. Da ku ne, ya za ku yi?