Zauren Sabar Malam Ja'afaru

A Unguwar Dabo, wani ƙauye tsakanin Bici da Shanono, kowa da abin da yake kiwo. Wasu tumaki, wasu zabi. Malam Ja'afaru, malamin firamare mai shekara hamsin da 'yan kai, saba yake kiwo. Sabar nan wata tsohuwar kwamfuta ce da ya ɗora kan benci a ɗakin buhunan gyaɗa, ya haɗa mata sola da batir da 'yar fanka, ba a kashe ta ko na minti ɗaya. Ita ke karɓar imel ɗin ƙungiyar manoman garin da na gidansa. In aka ce masa ai akwai imel kyauta a kowace waya, sai ya ce shi ba zai ajiye wasiƙunsa a gidan wanda bai san ubansa ba. Matarsa Barira kuwa takan ce shekara ashirin da shida tana gidan nan, ba a taɓa saya mata fanka tata ita kaɗai ba.

Abin da ya hana shi sakat shi ne 'yan damfara. Kullum wasiƙunsu tuli: wannan ya ce ka ci mota, wancan ya ce wata attajira tana gargara kuma kai ta zaɓa ka gaje ta. Wata rana Sama'ilu, shugaban ƙungiyar, ya danna wani abu da aka ce hoto ne, bairos ya shigo ya cinye sunayen manoma kaf. Malam ya yi kwana uku yana gyara yana tsaki.

Da ya gama, ya sa manhajar kashe bairos, sannan ya tsara sabar yadda ake tsara gida. Ya ware wani wuri ya sa masa suna Zaure, ya kafa doka guda: duk wasiƙar da ta fara da sallama ta wuce cikin gida, wadda ta faɗo babu sallama ta tsaya a Zaure. Hujjarsa ita ce mutumin kirki ba ya faɗa wa mutane gida haka kawai. Abin haushi, dokar ta yi aiki. Sharar wasiƙun 'yan damfara ta ɗauke ɗif, Malam ya riƙa baje kafaɗa a majalisa, har ya daina leƙa Zauren gaba ɗaya. Ya ce ba shi da lokacin marasa tarbiyya.

A shekarar ne 'yarsa Khaulat ta nemi shiga wata makarantar koyon aikin jinya a Kano. Tun tana ƙarama ba ta da wani buri sai wannan. Da adireshin gida ta cike fom, don Baba ya ce ba za a yi da na waje ba yana raye. Ƙawarta Ramlat ta sami wasiƙar kiran ganawa, ita shiru. Sati ya wuce, na biyu ya kama hanya, yarinya ta daina cin abincin kirki.

"Malam, ka leƙa zauren nan naka kuwa?" in ji Barira.

"In ga wa? 'Yan iska ne cike a ciki."

"To, je ka gaishe su."

Ranar Laraba bayan la'asar ya buɗe, don dai ta ƙyale shi. Can ƙasa, tsakanin mota da attajira, ga wasiƙar makarantar. Layi biyu ce tak, babu sallama, babu ya gida: Khaulat ta tabbatar da zuwanta kafin sha biyun ranar Juma'a, in ba haka ba a ba wata gurbinta. Kwananta goma sha biyu a Zaure. Kunyar 'yarsa ta kama Malam.

Nan take ya rubuta amsa, kuma ya ƙudura zai koya musu yadda ake wasiƙa. Ya yi cikakkiyar sallama, ya gai da shugaban makaranta da ma'aikata da iyalansu, ya tambayi ya damina, ya jero addu'o'i, can a ƙarshe ya ce Khaulat za ta zo. Alhamis ta wuce ba a ce komai ba. Juma'a da sassafe ya ɗauke ta a babur zuwa Bici, suka hau bas.

Sha biyu saura ashirin suka tsaya gaban ma'aikaciyar ofishin, wata Hajiya Ikilima. Ta duba ta ce babu sunan Khaulat cikin waɗanda suka amsa. Malam ya rantse ya amsa. Ta yi ta dube-dube a kwamfutarta, sai ta toshe baki.

"Baba, ga wasiƙarka nan cikin shara. Injinmu ɗan damfara ya ɗauke ka. Ai su ne ke fara wasiƙa da doguwar addu'a haka."

Mutumin da ya shekara talatin yana koya wa yara gaisuwa ya leƙa kwamfutar ya ga wasiƙarsa. Sai ya ce, "Hajiya, wa ya reni injin nan?"

Hajiya ta rubuta sunan da hannunta tana dariya. Khaulat ta cusa fuska cikin hijabi, ba a san kuka take ko dariya ba.

Yanzu tana shekara ta biyu a makarantar. Malam bai soke dokar sallama ba, don taurin kansa na nan daram, amma kullum bayan asuba, kafin ya sha koko, sai ya buɗe Zaure ya duba baƙi ɗaya bayan ɗaya. Duk Asabar yakan tarar da wasiƙar Khaulat a can, da gangan take rubutowa babu sallama: "Baba, ina lafiya. Fito zaure." Ya san yadda zai sa sunanta ta riƙa wucewa kai tsaye, bai sa ba. Sai ya yi mita kan tarbiyyar yaran zamani, ya karanta sau biyu, sannan ya shigo da ita cikin gida da hannunsa.