Ruwan Leda a Kwalaben Auta

Shekarar da yajin aiki ya rufe iniversite, ɗiyata Auta ta dawo Matameye daga Damagaram rungume da kwali. Na ɗauka tsaraba ce. Ashe kwalabe ne goma sha biyu, da ƴaƴan tarwada waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba.

"Ke kuma, kiwon kifi aka tura ki koyo?"

"Inna, aikina ne na ƙarshe. In ya yi kyau, bana zan karɓi takardata."

Ta jera kwalaben a ɗakin da nake ajiye gero. Shida ta ɗaura musu jan zare, shida fari. Masu jan zare tana barbaɗa musu wani gari, wai leda ce aka niƙa ta yi laushi kamar tsaki, don a ga abin da take yi wa mai rai idan ya haɗiye ta. Masu farin zare kuwa ba a sa musu komai. Su ne shaidu, in ji ta, da su za a gwada a gane ɓarnar ledar. Ruwansu daga rijiya yake zuwa, ya kwana a randar ƙasa, ko moɗar roba ba ta yarda ta taɓa shi ba. Kwana ashirin da takwas za a yi. Kullum da safe sai ta ƙirga masu rai, ta rubuta a kaye, littafin aikinta.

Ni kuwa ruwan leda nake sayarwa, firigo biyu gare ni a zaure. Sai na ji kamar da sana'ata take.

Ranar kwana na sha tara malaminta ya kira ta Damagaram. Ta tsaya bakin ƙofa da jaka tana nanata mini: "Inna, in ruwa ya ragu, na randa kawai. Don Allah na randa."

"To, na ji! Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Bazara ce, irin zafin da ke sa mutum ya tsani rigarsa. Washegari da azahar na leƙa ɗakin, na ga ruwa ya ja baya, kifayen sun taso sama suna buɗe baki. Na buɗe randa. Ruwan ya yi ja-ja, ga ɗumi. Haba! Wannan ruwan ko maƙwabci ya shigo ba zan miƙa masa ba. A gidana babban baƙo na leda ake kawo wa, mai sanyi, a kan faranti. Na ce masu jan zare dai an riga an sallama su, sai na zuba musu na randa. Shaidun nan da take ji da su kuwa, na ciro leda shida daga firigo, na fasa da haƙori, na cika musu kwalabe har wuya. Wallahi da alfahari na fito daga ɗakin.

Da safe na tarar da huɗu sun juya ciki sama, duk a masu farin zare. Na kwashe ledojin na cusa a murhu, na tsaya har suka narke.

Auta ta dawo da la'asar. Ko takalmi ba ta cire ba ta shige ɗakin. Ina tsakar gida ina tankaɗe. Can ta fito.

"Inna, me aka zuba musu?"

"Abin da kika ce mana."

Ƙarya na yi, ni da furfurata. Ba ta sake tambaya ba, wannan ya fi yi mini ciwo.

Kwana uku kifayen suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Masu cin ledar ma sun fi shaidun rai. Auta ta wanke randa, ta je har bakin rijiya ta tambayi masu ɗiba ko an zuba magani. Ta daina cin abinci. Duk sanda ta wuce ta zaure, sai in tare bakin firigo da jikina, sai ka ce zai yi magana. Na dinga yi wa masu sayen ruwa tsawa ba dalili, har wata Hajiya maƙwabciyata ta ce ko jinina ne ya hau.

Rana ta huɗu da hantsi na same ta zaune a ƙasa, kaye a cinya, waya a hannu.

"Zan kira malam in ce masa na kasa. Ni ce ban iya ba, Inna. Abokaina duk nasu ya tafi daidai. Ƙila karatun nan ba nawa ba ne."

Yarinyar da tun tana ƴar makaranta a lakwal ba ta taɓa cewa ta kasa ba. Ta fara danna lamba. Na matsa kusa da ita.

"Ajiye wayar nan. Ni ce. Ruwan leda na zuba musu, mai sanyi, daga firigo."

Ta ɗago ta dube ni. Ni da baki, sai na kama faɗa don kunya: ai gata na yi musu, ai ruwan randar ya yi datti, ai mutane ma shi suke sha ba su mutu ba. Ta bar ni har na ƙare.

Na ce, "To ai shi ke nan, ga amsarki. Leda ta kashe su. Rubuta haka ki karɓi takardarki."

"Ba zan iya ba, Inna. Ƙila sanyin ne, ƙila maganin da ake sa wa ruwan, ƙila ledar. Yanzu ba wanda ya sani. Da kin faɗa mini ranar da na dawo, da na sake sababbi, da kwanakin sun ishe ni kafin ranar miƙa aikin."

Kwana ukun da na yi ina ɓoyewa su suka cinye mata lokacin. Ta buɗe kaye ta yi rubutu, na leƙa ta kafaɗarta. Ta sa: "An zuba ruwan leda bisa kuskure." Ba ta rubuta wanda ya zuba ba.

Da aka buɗe iniversite abokanta suka kare aikinsu a gaban malamai, aka yi ta turo mata hotuna da manyan riguna. Ita sai shekara ta zagayo. Tana tsakar gida tana wanke kwalabe da toka za ta sake daga farko, na ɗauki tulu na tafi rijiya da kaina, rabona da ita ya fi shekara goma. Na cika randar, na tsaya ina haki.

Ta ce, "Sannu, Inna." Sannan ta ja ƙofar ɗakin, ta sa kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.