Taku Biyun Merrill

Matso ka zauna, in nuna maka wani mutum a filin atisayen ƙwallon Amurka.

Ga shi can bakin layi cikin zafin Agusta, sanye da jar rigar masu jefa ƙwallo. Furfura ta fara leƙowa a gemunsa, gwiwar hagu a naɗe. Merrill aka rubuta a bayan rigar. Gurbi ɗaya suke nema, shi da wani sabon jini, Lamont.

Koci ya busa usur. "'Yan sahun farko, ku shigo!"

Ƙafar Merrill ba ta yi shawara da shi ba. Ya kifa hular kwano, ya yi taku biyu. Da gani, ya yi shekaru yana amsa kiran nan.

"Ba kai ba, dattijo," in ji koci, ko kai bai ɗago ba. "Lamont!"

Wani ɗan kallo ya kwaɗa murya, "Baba, a kawo maka kujera?"

Sai Merrill ya durƙusa, wai igiyar takalmi yake gyarawa, alhali a ɗaure take tam. Hannunsa na jifa lafiya lau, yaron nan Lamont ne dai ya fi shi sauri.

Gobe ma za a busa usur ɗin. A ganinka, yaya zai hana ƙafar nan tashi?