Madugu Ya San Mashigi

Wata ranar Lahadi cikin bazarar shekarar da na shiga aji uku, a tsakiyar shekarun casa'in, Inna ta ɗora mini ƙwaryar fura ta ce in kai wa Baba bakin kogi. Daga gidanmu a unguwar Farcha zuwa gaɓar Shari ba nisa, amma yashin ranar kamar an soya shi, ga takalmina ɗaya ya tsinke. Ina isa na tarar da garken shanu ya cika gaɓa, jajaye masu dogayen ƙahoni, an koro su daga gabas za a tsallakar da su hayin Kamaru. Sun tsaya cak a bakin ruwa suna huci. Makiyayansu Larabawa sun yi duka, sun yi "Amshi! Amshi!", wato "tafi" da Larabci, har muryoyinsu sun dushe, ko saniya ɗaya ba ta tsoma kofato ba. Baba ya karɓi ƙwaryar. Sai da ya shanye furarsa, ya goge gemu, sannan ya kwance wani farin sa mai karyayyen ƙaho, ya dafa masa tozo ya ce, "Madugu, bismillah." San ya shiga ruwa a natse, ya karkata hagu, ya yi wani dogon kwana, ruwa ya kai masa ƙirji, ya ɗan yi iyo, ya fita a wancan hayi. Garken nan kaf ya bi shi kamar zare da allura. Can an jima ya dawo shi kaɗai, ruwa na zuba daga jikinsa, ya zo ya cusa hanci cikin ƙwaryata.

Sana'ar Baba ke nan, tsallakar da shanun fatake. Shanun da suka taso a bakin rijiya ba su san babban ruwa ba, tsoronsa suke ji, kuma sanda ba ta cire musu tsoron. Sai sun ga ɗan'uwansu ya shiga hankali kwance suke bi. Ba ko'ina ake shiga ba kuma: akwai inda yashi yake da tauri, akwai inda yake zurmawa, akwai rami. Duk shekara in ambaliyar damina ta janye, mashigin yakan ɗan sauya wuri, Madugu ne ke laluben sabon da kofatonsa kafin Baba ya yarda ya saka dukiyar mutane. Shi ya sa yakan ce, "Na gaba idon na baya." Ni dai a lokacin ban damu da karin magana ba, alfaharina kawai a ce san gidanmu ne.

A gida turkensa na ƙarƙashin dogon yaron da ke tsakar gida, kusa da murhun Inna, kuma kula da shi aikina ne tunda yayyena maza suna kwata wurin fawa. Da safe kafin in tafi lekol, wato makarantar boko, sai na share kashinsa, na dama masa dusa, na yi sawu uku zuwa famfon unguwa, inda ake faɗan layi da Larabci da Hausa da Fillanci a lokaci guda, ni kuwa bakina ba ya mutuwa a ko wanne. In ya dawo daga kogi, ƙa'ida ne in tare shi a bakin zaure da ɗan kanwa a tafin hannu. In na makara, nan zai toge ya tare hanya, ko Baba bai isa ya gusar da shi ba. A makaranta 'yan ajinmu suna ce mini matar sa, wai warin dusa nake. Na yi dambe a kan haka ya fi a ƙirga, har malaminmu ya gaji da sa ni durƙuso. Da yamma kuwa a gindin turkensa muke carafke da ƙawayena, shi yana tuƙa yana kora mana ƙudaje da wutsiya. Wallahi na ji daɗin zamanin nan, ban san muna da talauci ba sai da na girma aka faɗa mini.

To, sa ma yana tsufa. Ina aji biyar haƙoransa suka fara cinyewa, tozon ya kwanta, in ya dawo daga ruwa sai ya daɗe yana haki. Baffa Isa, ƙanin Baba, mahauci ne da ba ya kallon dabba sai ya auna namanta da ido, shi ya fara maganar. Ina wanke-wanke a bayan danga na ji yana cewa, "Yaya, gidan mahauta ne fa nan. In ka bar shi ya ƙara shekara, ƙashi da fata za mu kai kwata." Ni na ɗauka Baba zai kore maganar ne. Kwana kaɗan sai ga wani baƙin maraƙi ƙosasshe an ɗaure a gefen turke, aka ce shi zai gaji aikin, in ya tsallakar da garken Lahadi lafiya, Litinin Madugu ya tafi kwata. Na fito na tsaya gaban Baffa na ce masa Allah ya isa. Inna ta murɗe mini kunne har na ga wuta, ta ce, "Ubanki ne fa, marar kunya!" Na yi kuka, na kuma daina cin nama, abin da ba wanda ya lura da shi sai ƙanina da ya riƙa cinye rabona.

Ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, Inna na barcin rana, na yanke shawarar da sai mai shekara goma sha ɗaya zai yanke. Na kwance Madugu zan kai shi gidan Gwaggo a ƙarshen unguwa in ɓoye shi, kamar sa allura ce. Don kada a gan mu na bar babbar hanya na bi lunguna. Lungunan Farcha kuwa ba suna ba lamba, duk katangar ƙasa ce da ƙofar langa-langa. Na yi kwana, na sake kwana, sai ga ni a wani fili da ban taɓa gani ba, ba kowa sai awaki, rana na dukan tsakar kaina. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Madugu ya tsaya yana kallona, ya shinshina iska, ya juya ya kama tafiya. Igiyar ta kuɓuce mini, sai wutsiyarsa na kama. Haka ya ja ni lungu bayan lungu har ƙofar gidanmu, ya toge a zaure yana jiran kanwarsa. Baba da Baffa na tsaye a wurin da darduma a kafaɗa. Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ɓarauniya ta sato sa, sa ya kamo ɓarauniya!" Baba bai yi dariya ba, bai kuma dake ni ba. Ya dai daɗe yana kallon san.

Ran Lahadi na kai fura tun kafin a aike ni. Aka ɗaure Madugu a gaɓa, aka saki baƙin maraƙin. Ƙarfi kam yana da shi, ya faɗa ruwa da gudu ya miƙe sambal, shanun fatake suka bi shi. Bai yi kwanan hagun nan ba. A tsakiya ƙafafunsa suka zurma, ya firgita ya juyo, na baya suka ci karo da na gaba, garke ya cure wuri ɗaya yana juyawa, wata ƙaramar karsana ta nutse sai hancinta ake gani. Mai shanun ya ɗora hannu a ka yana salati. Baba ya zare wuƙa ya datse igiyar Madugu, ko bismillar bai samu yi ba. Tsohon ya shiga da tafiyarsa ta kullum, ya bi ta gefensu ya yi kwanansa, ɗaya bayan ɗaya suka warware suka bi shi, masu kwale-kwale suka jawo karsanar. Da ƙura ta lafa Baba ya dubi Baffa ya ce, "Isa, da tsohuwar zuma ake magani. Wannan yaron bai yi karatu ba, kuma malaminsa ɗaya ne a garin nan." Baffa ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya ne, Yaya." A daren nan na ci nama har na ƙwace na ƙanina.

Daga ranar aka riƙa haɗa su da igiya ɗaya, wuya da wuya, tsoho na koya wa yaro hanya. Shekara uku Madugu ya ƙara a ƙarƙashin dogon yaronmu, ta ƙarshen ma ba ya zuwa kogi, sai dusa mai laushi da hira da ni. Ranar da ya kasa tashi, Baba ya kira Baffa ya yanka shi a gida, aka raba naman sadaka a unguwa, ko tsoka ɗaya ba a kai kasuwa ba. Baffan da ke yanka kullum sai da ya juya baya ya share ido da hannun riga, na gan shi, kuma tun daga nan muka shirya.

Yanzu ina unguwar Gassi da 'ya'yana, shanun fatake yawanci a manyan motoci suke wucewa ta gada, in yarana za su je gidan da ba su sani ba waya suke dubawa ta nuna musu hanya. Ban ce hakan laifi ba ne, ya fi sauƙi. Amma nakan tuna yammacin da baƙin san ya fara tsallakar da garke shi kaɗai. Ya shiga ruwa a natse, ya karkata hagu, ya yi dogon kwanan nan sak, ya dawo gida. Da ya iso zaure sai ya toge ya ƙi motsi, yana kallona. Ashe har kanwar an koya masa.