Tela, Wa Zai Riƙe Mini Ƙoƙon?

Ranar Talata, tara ga watan Mayu, da hantsi, aka zo aka gaya mini Tela ya rasu. Ina zaune a ƙofar gida. Ban yi kuka ba, raina ne ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba.

Tela, na girme ka nesa ba kusa ba, ni ya kamata ka binne. Ban yi makaranta ba, ban iya jera kalmomi irin na masu wa'azi a bagade ba, amma abin da ka yi mini zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Tun da hannuwana suka fara rawa, kai ka fara lura. Na kawo maka riga ka ɗinke aljihu, ka dawo mini da ita ka cire ƙananan maɓallan ka sa manya. Na ce wa ya aike ka? Ka ce, "Baba, yi haƙuri, keken ne ya yi karambani."

Sai ranar da kowa ya sani. Ana Jibin Ubangiji a majami'a, aka miƙo tiren ƙananan ƙoƙunan ruwan inabi, na ɗauki nawa, hannu ya ƙi. Ruwan inabin ya zube a farar rigar babban dattijon ikkilisiya. Riga fa, ba ido na tsone masa ba! Dattawa suka zauna suka yanke cewa daga ranar in jira a tashi sujada, a ba ni nawa a ofis, ni kaɗai, kamar mai karɓar allura. Ni da na ɗauki bulo a kaina aka gina wurin! Na ce su riƙe abinsu. Na daina zuwa.

Ba wanda ya tako gidana sai kai. Ka zauna a kan turmi ka bar ni na zazzage duka. Da na gaji ka ce, "Baba, teburin nan na dattawa ne? Wanda ya shimfiɗa shi so yake ka zauna kusa da shi. Uba ne, ba mai gadin riga ba." Na ce kai yaro ne, ba ka san komai ba. Ranar Lahadi sai ga ka da babur, ka kai ni sujada.

Daga nan kullum kana gefena a bencin gaba. Ka karɓi gurasa ka sa mini a tafi, ka tallabo ƙoƙon da hannuna a cikin naka har bakina. Dattawa suka harare mu, ka yi kamar ba ka gani ba. A wannan ɗan lokacin nakan ji Yesu bai yi mini nisa ba, kamar numfashinsa na taɓa kunnena. Wa'azin shekaru bai koya mini haka ba.

To, ga abin da ke cina. Da ciwo ya kwantar da kai, ka roƙa a kawo maka Jibi gida. Aka ce Fasto ya yi tafiya. Aka ce sai an zauna. Aka ce wata mai zuwa. Ka tafi ba su kawo ba. Amma a bakin kabari dattawan sun iya buɗe baki: "Bawan Allah ne, ginshiƙi ne." Ginshiƙin da kuka kasa taka masa ƙofa? Ku ji kunya.

Lahadi mai zuwa akwai Jibi. Fasto yakan ce kada a zo tebur da fushi. To, da fushina zan zo, wanda ya gayyace ni ya san halina tun ba yau ba. A bencin gaba zan zauna in miƙa hannu. In ya zube ya zube. Ofis kam ba ni shiga.

Ubangiji ya ji ƙanka, Tela, ya zaunar da kai a teburinsa, inda ba a cewa sai an zauna. Ya ta'azantar da matarka da 'ya'yanka da tsohuwar mahaifiyarka, ya zama musu uba da miji da ɗa. Dattawa kuma, ya gafarta musu da kansa. Ni tukuna. Amin.