Matakin da aka ƙara wa babur saboda ƙafata

Hijabina ne ya kayar da ni. Sabo ne, ruwan goro, kuma da bakina na ce wa tela ya yi shi har ƙasa. Ranar kasuwar Jega muna dawowa gida ni da maigidana a kan babur ɗinsa, sai leɓen hijabin ya shige cikin tayar baya. Na ji an fizgi wuyana, daga nan sai na gan ni a ƙasa, ƙafata ta hagu tana ƙarƙashin babur. Abin da na fara tambaya shi ne ina ɗiyata, alhali da hannuna na bar ta wurin maƙwabciya.

Aliero aka kai ni wurin mai ɗori, wani dattijo marar yawan magana. Ya shafa, ya ja, ya jera karare ya ɗaure. Na yi kusan wata biyu a wani ɗaki da ko'ina warin albasa yake, don bayan katangar rumbunan albasa ne. Har yau in ina yanka albasa sai na ji gwiwar ta motsa.

Ƙashi ya haɗe, alhamdu lillahi. Amma gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa sai rabi. A zaune nake sallah, ƙafar a miƙe. Na tambayi dattijon ko za ta koma daidai, ya ce, "Ɗiyata, wadda kika zo da ita a hannun mutane, ga shi za ki koma da ita a ƙasa. Ki yi ta shafa mata man shanu, kar ki yi faɗa da ita."

Ni ba gwiwar ce ta fi damuna ba. Innata tana wani ƙauye gaba da Maiyama, idonta ya yi rauni, ba ta iya tafiya mai nisa. Rabonta da ɗiyata tun yarinyar tana zama da matashi a baya. Ga shi ta yi rarrafe, ta miƙe, har ta fara takawa tana faɗuwa, Inna ba ta ga ko ɗaya ba. Duk wanda ya zo daga can saƙo ɗaya yake kawowa: ta ware wa jikarta kaza, a zo a ɗauka. Ni kuwa ko ƙarar babur na ji a zaure sai in shige ɗaki don tsoro.

A cikin gari keke napep ya rufa mini asiri. Ina zama a gefe, in miƙe ƙafar, tafin ya ɗan leƙa waje. Wani mai keke har ya ce mini, "Hajiya, in za mu sha kwana ki ɗaga ta, ta zama sigina." Amma keke ba ya zuwa ƙauyenmu. Daga bakin titi hanyar ƙafa ce ta cikin gonaki, ga yashi, ga wani kwari da ruwa ke bi da damina. Babur kaɗai ke shiga.

Duk da haka wata safiya na goya yarinya na shiga motar Maiyama. Sai da wata mata ta yarda muka yi musayar wuri na samu bakin ƙofa, inda ƙafar za ta miƙe. Na sauka a mararrabar ƙauyenmu, 'yan kabu-kabu suka taso da baburansu. Na dubi tsawon kujerar, na dubi tayar baya da wayoyinta suna walƙiya. Na ɗaga ƙafar ta ƙi kaiwa. Ko da ta kai, babu inda zan ɗora ta, don matakin na mai lanƙwasasshiyar gwiwa ne. Na tsaya ina hango itatuwan garinmu, sannan na tsallaka titi na shiga motar komawa Jega.

Da dare na ba maigidana labari. Ya ci tuwonsa, ya wanke hannu. Bayan kwana uku sai ga shi ya turo wani ɗan babur gajere cikin gida, irin wanda ake kira roba-roba. Na ce na wa ne. Ya ce namu. Ashe ya yi musaya da babban nasa, wanda yake gogewa kullum kamar madubi, wanda yake ɗora wa buhun albasa biyu.

"Abokanka za su yi maka dariya," na ce.

"Sun riga sun gama. Wai na sayi na malamar asibiti, saura jakar allura. Miƙo ƙafar nan."

Ya zaro karan dawa daga danga, ya auna daga ƙuguna zuwa diddige, ya karya daidai wurin. Ya san ba zan je gaban mai walda in miƙa ƙafa maza suna kallo ba, don haka karan ne ya tafi a madadina. Da la'asar maigidana ya dawo yana murmushi. An liƙa ƙarfe mai ɗan faɗi, gaba kaɗan da matakin da aka saba, har da ɗan katako a kai. Tayar baya kuma ya rufe ta gefe da gefe da jarka rawaya da ya yanka, ya ɗaure da waya, yadda ko zare ba zai shiga ba.

Na zagaya babur ɗin, na sake zagayawa.

"Baban yarinya, wace ƙafa ce ta karye?"

Ya dube ni, ya dubi ƙarfen. A dama aka sa shi. Da yana aunawa fuskantata yake yi, sai haguna ta zama damarsa, haka kuma ya kai wa mai walda. Na yi dariya har sai da na dafa turmi. Rabon da in yi irin wannan tun kafin Aliero. Washegari ya koma aka liƙa na hagu. Na daman ya ce a bar shi, ya gaji da surutun mai walda. Sai babur ya zama kamar zabuwa ta buɗe fikafikai.

A tsakar gida na fara hawa, injin a kashe. Kujerar ba ta wuce cinyata ba, ban sha wahalar ɗaga ƙafa ba, diddigena kuma ya sauka kan katakon daidai. Kwana biyu yana tura ni muna zagaya rijiya, maƙwabciyata tana leƙowa ta katanga tana cewa a sauka lafiya. A na uku ya tayar da injin. Hijabin da na sa gajere ne, duk da haka na ƙulle leɓensa na danne da cinya. Har yanzu haka nake yi, ko a keke.

Ranar tafiyar na goya yarinya da zani, na ƙara majanyi biyu. Tun daga Jega har Maiyama ban saki rigarsa ba, ina ta karanta duk abin da na iya. Manyan babura suna wuce mu, wasu har da waiwaye. Da muka shiga yashi babur ya fara rawa, ya sa ƙafafunsa ƙasa yana ja kamar mai tuƙa kwalekwale.

"Ki sauka ki taka?" ya ce.

"In na sauka ba zan sake hawa ba. Mu je."

Muka tarar da Inna a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Ta karkata kunne ta ce, "Wa ya kawo muna injin markaɗe?" Na kwance goyon na tsayar da yarinyar a ƙasa. Ta yi taku huɗu ta faɗa kan cinyar Inna, gyaɗa ta watse. Inna ta shafa kanta, ta shafa ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce in matso, ta laluba gwiwata.

"Wagga ce?"

"Ita ce, Inna."

"To ai ta kawo ki."

Da za mu dawo aka kamo kazar, ta zama uwa har da ƙiba. Maigidana ya sa ta a kwando, ya ɗaure shi a kan matakin dama, ya dube ni ya ce dama don ita ya sa aka yi shi.