Aladen da Na Raɗa wa Dorina

A shekarar rikicin nan da unguwarmu ta Kilomita Biyar a birnin Bangi ta zama tukunya mai murfi, ba mai fita sai da babban dalili, ni ma na rasa aikin yi. Malamin Faransanci ne ni a wata firamare da ke wajen unguwa, kuma hanyar da na saba bi a kan babur ba tare da tunani ba ta koma hanyar da sai an yi wa mutum addu'a kafin ya bi ta. Sai na zauna a gida da jan biro a aljihu, babu takardar da zan gyara.

Mu huɗu ne a gidan: ni, matata, mahaifiyata da muke kira Inna, da 'yata mai shekara biyar. Sunan Inna aka sa mata, don haka "uwata" nake ce mata, Inna kuma ta ce "takwara". Kafin rikicin, yarinyar nan rediyo ce da ba a san inda ake kashe ta ba. Da Sango take zuba, yaren da duk Bangi ke yi, Hausa kuwa sai in tana neman wani abu a wurin kakarta. Bayan kwana uku da aka yi ana harbi ta wajen unguwar Yakite, mu kuma muna kwance a ƙasan ɗaki, sai ta yi shiru. Tana ji, tana cin abinci, in an aike ta ta je. Maganar ce kawai ta ajiye. An yi tofi, an sha rubutu, mako ya bi mako, daga ɗaga kai sai girgiza kai.

Wata rana ina binciken kwalin kayan makaranta, na ci karo da wani littafin yara mai hotuna da na taɓa tsinta a wurin mai baza tsofaffin littattafai a bakin kasuwa. Labarin wani wanzami ne da ya buɗe shagon aski don dabbobi. Kunkuru ya zo da sanƙonsa ya ce a rage masa kaɗan ta gefe. Raƙumin dawa sai da aka nemo tsani. Zaki ya yi barci a kan kujera, ya farka ya tarar an yi masa ƙwal-kwabo. Na daɗe ina mamakin yadda Turawa ke son su sa wa dabba wando, kamar ita ta kawo musu kukan tsiraici. Amma da na buɗe shi a kan tabarma, yarinyar ta matso, ta ɗora haɓarta a gwiwata. Rabon da ta matso kusa da wani abu don kanta, har na manta.

Matsala ɗaya ce, kuma tana kowane shafi. Wanzamin alade ne. Jajir, mai tsabta, da farar riga da almakashi.

Inna ba ta ko faɗin sunan dabbar nan. "Abin nan" take cewa, ta tofar da yawu. Ta taɓa jefar da gwangwani mai kyau don an zana shi a jiki. Ga shi a lokacin kowace takarda a gidanmu ƙarshenta ƙarƙashin gawayi ne. Tana zaune a gefe tana tsince shinkafa, ta ce, "Mushe, me kake karanta wa takwarata?" Haka take kirana tun da na fara koyarwa, wai girmamawa ce irin ta Faransawa, kuma ta san sarai abin da kalmar ke nufi da Hausa.

Na dubi wanzamin. Ƙiba, gajerun ƙafafu, ƙananan kunnuwa. Na ce, "Labarin ɗan dorina ne, Inna."

Na ji daɗin dabarata. Dorina dai tana cikin kogin garinmu, ba wanda zai ce baƙuwa ce. Na ci gaba ina karanta Faransancin a zuci, ina juya shi Hausa a baki. Sai dai duk lokacin da na ce "dorina", yarinyar takan ɗago ta dube ni, ta dubi hoton, ta ɓoye hannayenta a baya. Ban gane ba sai da matata ta ja ni gefe tana danne dariya.

"Malam, kai da ka shekara kana koyar da kalma mai ma'ana biyu! Wace dorina yarinyar nan ta sani? Ta malamin allo, wadda ke rataye a ƙusa. Ta ruwan ai kono take ce mata."

Gaskiyarta. 'Ya'yanmu da Sango suka san dabbobi. Hausa ta bar musu bulalar, dabbar da aka yanko fatarta kuwa ta tafi. Ashe kwana biyu ke nan ina gaya wa 'yata cewa bulala ta sa riga tana yi wa zaki aski. Na so in ga abin da ke cikin kanta a lokacin, har yau ina so.

Amma ban iya janyewa ba, don Inna ta riga ta shiga ajin. Kullum bayan la'asar sai ta jawo kujerarta, ta leƙo daga nesa, ta fara jarrabawa.

"Wace irin dorina ce wannan mai wutsiya a nannaɗe?"

"Ta Turai ce, Inna. Sanyi ke nannaɗe ta."

"To. Ita ba ta shiga ruwa?"

"Aiki ya yi mata yawa."

"Allah Sarki. Hancin kuma fa, wa ya daɓe mata shi?"

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa ta yi ta furen har na fara alfahari da lambun. Yarinyar tana sauraron mu, idonta na yawo daga bakina zuwa bakin kakarta, goshinta a tattare kamar alƙalin da shaidu suka raina wa hankali.

Ranar da abin ya fashe, mun kai shafin da beguwa ta zo aski. Almakashi ya karye, reza ta karye, wanzami ya zauna a ƙasa yana kuka. Littafin ya rubuta kukan yadda Faransawa ke jin gurnanin dabbar, ni kuwa dole in nemo wa dorina nata. Ban taɓa jin dorina na kuka ba. Na cika kumatu, na ce, "Bum-hum! Bum-hum!"

Sai wani ɗan hannu ya sauka a kan shafin, tas.

"Baba, ƙarya kake. Gaduru la!"

Da Sango ke nan: alade ne. Muryar ta dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Matata ta saki ludayi a bakin murhu. Ni kuwa na rasa wanda zan fara yi, in rungume ta ko in zauna a kan littafin.

Inna ta ajiye tasbaha. Ta miƙo hannu, na ba ta. Da gefen mayafi ta riƙe shi.

"Takwara, me kika ce?"

"Gaduru la."

"Ni ba na jin Sango. Faɗa mini da Hausa."

Matar da ta fi shekara arba'in tana ciniki da Sango a kasuwar nan, har masu yaren na gudun bakinta. Na buɗe baki, ta harare ni, na rufe.

Yarinyar ta yi ta lalube. "Wannan da ke cin shara. Mai hanci haka. Na gan shi a hanyar gidan Gwaggo. Yana yin gurr, gurr. Ba bum-hum ba. Dorina ba ta da ƙafa, Inna. Ba ta da ido ma."

"Ci gaba. Sunansa nake tambaya."

"Ban sani ba."

Ina za ta sani? Ba a taɓa faɗinsa a gidan ba. Inna ta dubi sama kamar mai neman izini, ta ja numfashi.

"Alade," in ji ta. Ta juya ta tofar. "A'uzubillahi. Maimaita."

"Alade."

"Kin ji ko? Da ƙarfi, ubanki ya ji, shi ma bai san shi ba."

"Alade!"

Sannan ta cillo mini littafin. "Tun ranar farko na gane shi. So nake in ga iyakar karatun Mushe. Karanta mata, amma ka kira abu da sunansa. In kun gama ku wanke hannu, kuma kada in gan shi kusa da buzuna."

Na koma farkon littafin. Ba a ranar maganar ta dawo gaba ɗaya ba, da kaɗan-kaɗan ta riƙa zuwa, kuma yawancinta gyara ne. Ashe kunkuruna ma ba daidai yake magana ba, wai ya cika sauri.